Ƙarfen da Muka Hana Ruwa

Shekarar da muka ɗaura wa jif winci, ina tuƙi ne a gidan wani Alhaji mai fataucin albasa da hatsi a Bodinga. Turawa suna nan a lokacin, hanyar Sakkwato kuma jar ƙasa ce. Motar tsohuwar jif ce ta soja da Alhaji ya saya a gwanjo, rufinta tamfol, ƙafafunta huɗu duk suna ja. Ni kaɗai ke taɓa ta, kuma ina ji da kaina ƙwarai saboda haka.

Na koyi boko a ajin manya, da girmana, sai karatun ya shiga mini kai ta wata hanya. Duk ranar kasuwa sai na tsaya wurin mai shimfiɗa ƙananan littattafai a kan tabarma, na ɗauki guda. Labaran samari ne masu ratsa daji da kogi saboda wata gimbiya, ba su gajiya, dawakinsu ba su tuntuɓe. Ina ajiye su a ƙarƙashin kujerar mota, in ana lodi ina karatu. Da irin wannan idon na fara ganin matata a kasuwar Shagari, tana tallar daddawa, ta ɗaura wani ɗankwali ruwan ganye. Littattafan ba su taɓa kawo gimbiya mai tallar daddawa ba, amma ni ban ga abin da ya rage mata ba. Ƙauyensu yana bayan Shagari. Sai ka bar babbar hanya, ka bi turbar jakuna, ka ratsa wata fadama, sannan ka hango rumbunansu.

Cikinta na fari, aka zo aka tafi da ita gida goyon ciki, kamar yadda aka saba. Haihuwar ta faɗo tsakiyar damina. Ta kwana biyu tana naƙuda, ungozoma ta yi iyakar abin da ta sani, sannan aka aiko mini. Na je na ɗauke ta da ita da mahaifiyarta za mu asibitin Sakkwato. A dawowa, a tsakiyar fadamar nan, motar ta kafe har ciki. Tun hantsi muke wurin. Maza suka baro gonakinsu suka tura, aka sa kara, aka sa itace, aka kawo shanun noma, igiya ta tsinke sau biyu. Ba mu fita ba sai bayan la'asar. Da muka isa, matar asibiti ta ce uwar dai an samu, yaron kuwa ya riga ya tafi.

Ba wanda ya ce laifina ne. An ce haka Allah ya so, na kuma yarda. Matata ma ba ta taɓa ta da zancen ba, sai rana ɗaya, tana tsince shinkafa, ta ce ba tare da ta ɗago kai ba: "Ranan nan balbelu goma sha ɗaya na ƙirga ta hujin tamfol." Ta ci gaba da tsinta. Na daɗe ban buɗe littafi ba bayan wannan.

Shekara biyu suka wuce, Allah ya sake ba ta ciki. Na lissafa da yatsu, na ga damina ce kuma. Da ya kai wata bakwai surukuwata ta zo da kanta, ta ce tunda na fari bai zauna ba, wannan ma a ɗakinta za a haife shi. Ba ni ta gaya wa ba, don tun da na auri 'yarta ba mu taɓa magana fuska da fuska ba. In ta shigo ta ƙofa, ni na bi ta bayan danga. Gwaggona ta faɗa wa, ita ta isar mini. Ina da magana cike da baki, amma mutum ba ya jayayya da surukuwa, ba ya ma nuna ya san matarsa na da ciki. Na kai su har ƙofar gida da motar, na juyo. Da na zo fadamar, a bushe take lokacin, na tsaya na kashe mota, na daɗe ina kallon wurin. Nan na ƙudurta cewa wannan laka ba za ta sake riƙe ni wuni guda ba.

Na taɓa ganin masu aikin hanya sun fitar da babbar motarsu daga rami da wani abu da suke kira winci. Ganga ce ta ƙarfe a kwance, an naɗe ta da igiyar waya mai ƙugiya a baki, da haƙora a gefe, da hannun juyawa mai ɗaukar mutum biyu. A maƙala ƙugiya jikin itace, a yi ta juyawa, mota ta jawo kanta. Na bi wuraren masu tsofaffin ƙarafa a Sakkwato har na sami ɗaya, ya yi tsatsa amma haƙoransa lafiya lau. Kekena na bayar, na ɗauko shi.

Da Alhaji ya gan shi a zaure, ya zagaya shi sau biyu yana riƙe da carbi.

"Wanga fa? Rijiya za ka gina min cikin mota?"

"Ranka ya daɗe, a goshinta za a ɗaura shi. Saboda damina."

"Kuma sai an huda min bamba?"

"Huji huɗu kawai, ranka ya daɗe. Da wasu ta ciki."

Ya dube ni, ya dubi wincin. Ya san abin da ya faru shekara biyu baya, don shi ya ba ni motar ranar. Ya ce, "Akwai mushen babbar mota bayan gida. In kana son ƙarfe, ɗiba. Amma kak ka mai da min jif amalanke."

Bambar jif ba ta da kaurin da za ta ɗauki jan mota guda. In aka ɗaura winci a kanta kaɗai, ita za ta fita ta bar motar. Dole a ƙera hannuwa biyu masu ƙarfi, kowanne ya kama gindin wincin, ya bi ta ƙarƙashin bamba, ya je ya kama shasi, wato dogayen ƙarafan nan biyu da ke ɗauke da jikin mota. Na kwance fallen sifirin, ƙarafan nan masu gantsarwa da ke saman ƙafafun mota, daga mushen motar Alhaji. Guda biyu ne suka rage masu kyau, sauran duk sun tsage. Na kai su maƙerar kawuna.

Kawu ya tsufa a lokacin, idonsa ya yi rauni, yini yake a kan buzu a bakin rumfa. Babban ɗansa ke riƙe da maƙera, taubashina, wanda tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. Ba a yi maƙerin galma kamarsa ba a wannan yanki. Manoma daga Dandin Mahe suke takowa saboda bakin galmarsa, wai sai ta yi damina uku ba ta dakushe ba.

"A'a, ga bawana ya zaka," ya ce. "Mi ka ɗauko? Ganga? Ka bar tuƙi ka koma roƙo?"

"Ubangidanka dai. Tashi ka yi aiki, baƙin hannu."

Na zana masa abin da nake so a ƙasa da tsinke. Ya duƙa ya duba, ya auna da kara, ya shiga ƙarƙashin motar ya fito. Sai ya yi murmushin mugunta.

"Duk wanga wahala don albasar Alhaji ta? Albasa ta yi gata bana."

"Don albasa na."

"To. Allah shi sauki albasa lahiya."

Kawu daga kan buzunsa ya ce amin, da ƙarfi, kamar bai gane ba. Na kama zugazugi na fara zuga.

Kwana biyu muka yi a kan fallen farko. Ya raba shi biyu, ya miƙar da gantsarwarsa, ya lanƙwasa kowane yanki yadda na zana, ya huda su tun suna ja. Ni ke zuga, gawayin ƙirya na tartsatsi, gumi na shiga mini ido. A raina kuwa, gaskiya, ina ganin kaina kamar ɗaya daga cikin samarin littattafan nan da ake ƙera wa takobi kafin su fita. Da ya gama siffanta su, ya mayar da su wuta har suka yi jawur, ya ɗauko da awartaki ya tsoma cikin kaskon ruwa. Ƙarfen ya yi tsuwa, tururi ya tashi. Haka yake yi wa kowace galma, kowace wuƙa, kowane gatari. Haka ya ga ubansa na yi. Ya ɗaga ɗaya ya ƙwanƙwasa da guduma, ya yi ƙara siririya kamar ƙararrawa.

"Ka ji? Ko giwa ka ɗaure da wanga, ta kwana nan."

Ni ma na ji daɗin ƙarar. Ban san komai game da ƙarfe ba sai tuƙa shi.

Muka ɗaura. Na kwanta ƙarƙashin mota da sifana ina ɗaure notuna har hannuna ya yi kanta. Wincin ya zauna a goshin jif, igiyarsa na sheƙin mai. Muka loda mata buhunan gero, muka tare ƙafafunta da duwatsu, muka maƙala ƙugiya jikin tsamiyar da ke bayan kasuwa. Mutane suka taru, har teloli suka baro kekunansu. Ni da taubashina muka kama hannu muka fara juyawa. Ɗan harshen ƙarfen da ke hana ganga komawa baya yana ta ƙas, ƙas, ƙas. Igiya ta miƙe, ta yi tsam. Motar ta ɗan yunƙura za ta hau duwatsun.

Sai muka ji ƙara kamar an harba bindiga. Cikin hannuwan da muka ƙera, na hagu ya karye gida biyu, na dama ya bi shi, wincin ya fizge ya faɗi ƙasa ya yi tsalle, ya wuce ƙafar taubashina da kamar taki ɗaya. Wani teli ya ce, "To, giwar ta tahi." Aka fashe da dariya. Ni ban yi ba. Na tsuguna na ɗauki guntun. Bai lanƙwashe ko kaɗan ba, ya dai tsinke ne fes, kamar tsingaron tukunya. A safiyar ranar ce kuma gwaggona ta gaya mini, tana kallon wani wuri, cewa an ce mutanen ƙauye sun fara tara itacen wanka.

Muka koma maƙera. Taubashina ya ce sifirin ɗin ne ruɓaɓɓe. Na ce hannunsa ne ruɓaɓɓe, kuma wannan karon ba da wasa na faɗa ba. Kawu ya miƙo hannu.

"Ba ni in gani."

Na sa masa guntun a tafi. Ya shafa bakin karayar da babban yatsa, ya kai kusa da ido, ya sake shafawa.

"Kun ba shi ruwa."

"Baba, wane ƙarfe na ba a ba ruwa?" in ji ɗansa.

"Wanda ba sara za shi yi ba. Kai tun da ka tashi galma kaka yi, da wuƙa, da lauje. Su baki aka so gare su, shi ya sa aka ba su ruwa, su yi tauri. Sanda nike yin linzami da sarƙar rijiya, ka taɓa ganin na tsoma su?"

"Ina yaro sannan."

"Kana yaro, kana bin awaki. Abin da za a ja da shi, in ya sha ruwa taurin kai garai, bai san ya ba da kai ba, sai dai ya karye. Balle ƙarfen mota, shi da ma zuciya garai. Ku gasa shi ya yi ja, ku turbuɗe shi cikin toka mai zafi, ku tahi ku ba shi wuri. Kak wanda ya taɓa shi sai gobe."

"Ai laushi za shi yi, Baba. Ya lanƙwashe."

"Shi lanƙwashe mana. Ku ƙara mai kauri wurin gwiwa. Wanda ya lanƙwashe yana nan riƙe da kai."

Falle ɗaya ya rage mana. In wannan ya lalace, ban san inda zan sami wani ba kafin lokaci ya yi. Muka sake kwana biyu. Taubashina ya daina tsokana, ya ninka ƙarfen a wurin lanƙwasa, ya riƙa auna hujin da kara sau uku kafin ya buga. Rana ta biyu, kafin ya iso, na ɗauki kaskon ruwan nan na juye shi gindin dogon yaro, na mayar da shi wurinsa a bushe. Da ƙarfen ya yi ja, ya ɗauko shi da awartaki, ina kallo hannunsa ya juya da kansa ya nufi kasko. Ƙarfen ya bugi busasshen gindi, ƙwal. Ya tsaya yana kallon kaskon, sannan ya dube ni.

"Kai, ɗan gwaggo, Allah shi isam min. Ashe ba ka yarda da ni ba."

"Da kai na yarda. Hannunka na ban yarda da shi ba."

Kawu ya yi dariya har ya yi tari. Muka tona toka muka binne su, muka rufe da fasasshen tulu. Na yi sallar la'asar a nan, na kasa tafiya. Sau biyu na kai hannu zan tona in duba, Kawu yana jin motsina ya ce, "Na ce ku ba shi wuri."

Washegari muka tono su da ɗumi-ɗuminsu, baƙaƙe, ba sheƙi. Taubashina ya ƙwanƙwasa ɗaya, ya yi wata ƙara mara daɗi, dum. Ya yamutsa fuska kamar an ba shi tuwo ba gishiri. Muka ɗaura, muka koma tsamiya, 'yan kallo sun ninka na farko, amma kowa ya ja baya. Muka juya. Igiya ta miƙe, motar ta yunƙura, ta hau duwatsun da buhunanta, ta sauka ta gaba. Ba abin da ya karye. Telin nan ya ce, "Yau giwar ta kwana."

Saura abu ɗaya. A tsakiyar fadamar ba itacen da za a maƙala ƙugiya. Na sari kututturen ƙirya biyu, na kai, na haƙa rami har ƙugu a kan tudu ta kowane gefe, inda igiyar za ta kai, na kafa su na danne da duwatsu. Manoman wurin suka tsaya suna kallo, suka ce ba su taɓa ganin an kafa wa mota turke ba, ko harawa ma zan zuba mata. Na ce in ta yi aiki zan zuba.

Ranar ta zo bayan kwana tara. An kwana ana ruwa, da safe ina goge gilashi sai ga yayan matata a kan doki, jiƙe sharkaf. Bai sauka ba ya ce, "Tun jiya da rana." Ya bar dokin a gidan Alhaji ya shiga mota. A tafiya na ratsa fadamar da gudu, motar ba kaya, ta yi ta wutsil-wutsil amma ta fita. Aka fito da matata a kan tabarma, aka kwantar a baya, kanta a cinyar mahaifiyarta. Ban dubi fuskarta ba, ƙafafunta kawai na gani, da sauran lalle.

A dawowa ba halin gudu. Na shiga a hankali, ina jin laka na kama ƙafafu, har muka zo daidai wurin nan na shekara biyu baya. Motar ta yi nishi ta zauna. Na ji surukuwata ta ja salati a hankali.

Na sauka, laka har gwiwa. Yayan matata ya ɗauki ƙugiya ya ja igiya, yana faɗuwa yana tashi, ya kai turke ya naɗa ya maƙala. Na ɗaure sitiyari da rawanina don kada ta karkace. Muka kama hannu mu biyu. Ƙas. Ƙas. Igiya ta fito daga ruwa tana ɗiga, ta miƙe. Juyawar ta yi nauyi har sai da muka riƙa hawa kan hannun da dukan jikinmu. Motar ba ta motsa ba. Sai na ji ƙarfe yana kuka a ƙarƙashin bamba, na leƙa, na ga hannun hagu ya fara buɗewa a gwiwa, a hankali, a gaban idona. Ƙarar ranar tsamiya ta dawo mini a kunne. Hannuna ya tsaya.

Tamfol ya ɗaga. Surukuwata, wadda ba ta taɓa duban idona ba, ta leƙo ta dube ni sosai.

"Kai! Mi ka tsaya kallo? Juya!"

Na juya. Ƙarfen ya ƙara buɗewa kamar faɗin yatsa biyu, ya tsaya nan. Laka ta yi wani sauti kamar saniya ta zare ƙafa, motar ta taso. Taki ɗaya, taki biyu. Ba mu daina ba sai da ƙafafun gaba suka taka tsandauri. Rana ko tsaka ba ta kai ba. Na kwance rawanina daga sitiyari, na ta da mota.

Ana kiran azahar muka shiga Sakkwato. Na zauna a gindin bangon asibiti, laka ta bushe a jikina tana ɓarewa. Kafin la'asar surukuwata ta fito. Ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba, ta je wurin ɗanta da ke zaune kamu biyu daga inda nake, ta ce masa da murya yadda zan ji: "A hwaɗa mai mace ta. Tana ta kuka. Uwar ma ta sha kunu."

Bayan suna taubashina ya shiga ƙarƙashin motar ya ga hannun da ya buɗe. Ya ce abin kunya ne a ce daga maƙerarsu ya fito, in kawo ya miƙar da shi. Na ce a bar shi. Ya ce to ko ruwa kaɗan ya ba shi, ɗan yayyafi. Na ce in ya kusance shi da ruwa sai na kai shi gaban alkali. Haka wincin ya zauna a ɗan karkace, har Alhaji ya sayar da motar.

Matata ta dawo bayan ta gama wanka, da yarinyar a baya. Na ɗauko su da jif, fadama ta fara bushewa, turakana biyu na nan tsaye, wani ya ɗaure jakinsa a ɗaya. Da muka zo wurin na rage gudu, na tambaye ta, ina kallon hanya, ko balbelu nawa ta ƙirga a wannan karon. Ta gyara goyonta, ta ce ba ta samu ta fara ba.